Lamba 4 294 967 297: siffofinta da rukunonin da ta shiga

1. Gabatarwa

Cikin wannan ƴar takarda muna so mu ɗauki lamba guda ɗaya, mu bincike ta tun daga karatunta har zuwa rukunonin da masana lissafi suka sanya ta ciki. Lambar kuwa ita ce 4 294 967 297. Mun zaɓe ta sabili da dalilai biyu. Na farko, kusan duk abin da za a faɗa kanta ana iya tabbatar da shi da alli da allo, ba sai da na'ura ba. Malamin kwalej ko na lise yana iya aiki da ita cikin aji. Na biyu, ita ce lambar da ta rushe wani zato na Pierre de Fermat, zaton da ya yi shekara 92 ba wanda ya ƙaryata shi. Darasin da ke cikin wannan yana da muhimmanci ga mai koyarwa: misali biyar da suka yi daidai ba su zama hujja ba.

2. Kalmomin aiki

Ga kalmomin da za mu yi amfani da su. Wasu sanannu ne, wasu kuma shawara ce muke bayarwa.

Cika da mara: lambar da 2 ke rabawa ba saura cika ce, wadda ba ta rabuwa da 2 mara ce.

Mai-raba: lambar da ke raba wata ba tare da saura ba. Masu-raba 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6 da 12.

Tubali: lambar da ta fi 1, wadda ba ta da mai-raba sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11. Ita ce ake ce wa nombre premier da faransanci. Mun kira ta tubali domin da irinta ake gina sauran lambobi ta hanyar ninkawa.

Ginanniya: lambar da ta fi 1 amma ba tubali ba ce, kamar 15, wato 3 × 5.

Hawa: idan aka ninka lamba da kanta sau da yawa. 2 hawa 5, wanda ake rubutawa 2⁵, shi ne 2 × 2 × 2 × 2 × 2 = 32. Hawa na biyu shi ne murabba'i.

3. Karatun lambar da girmanta

Lambar tana da alƙaluma 10. Ana karanta ta kamar haka: miliyar huɗu, da miliyan ɗari biyu da tasa'in da huɗu, da dubu ɗari tara da sittin da bakwai, da ɗari biyu da tasa'in da bakwai. Abin da muke ce wa miliyar, shi ne ake ce wa biliyan a Najeriya.

Don a ji girmanta, a ɗauka mutum yana ƙidaya lamba ɗaya kowane sakan, dare da rana ba hutu. Sai ya shekara 136 da ƴan kai kafin ya iso gare ta. In kuma kuɗi ne na sefa, jika 4 294 967 ke nan da sefa 297. In an mai da su dala, dala 858 993 459 ne, sefa 2 su yi saura.

Asalinta kuwa mai sauƙi ne: a ninka 2 da kanta sau 32, a sami 4 294 967 296, a ƙara 1. Ke nan lambarmu ita ce 2³² + 1. Da yake 2³² murabba'in 65 536 ne, ana iya rubuta ta 65 536² + 1.

4. Gwaje-gwajen farko

Ƙa'idodin rabuwa da ake koya wa ƴan makaranta ba su kama ta ba. Ta ƙare da 7, saboda haka mara ce, kuma 5 ba ta raba ta. Jimillar alƙalumanta 59 ce; 59 ba ta rabuwa da 3, in an raba ta da 9 kuma 5 ke saura, ke nan 3 da 9 sun fita. Don gwajin 11, a fara daga dama ana tarawa ana ɗebewa bi da bi: waɗanda ake tarawa (7, 2, 6, 4, 2) sun ba da 21, waɗanda ake ɗebewa (9, 7, 9, 9, 4) sun ba da 38. Bambancinsu 17 ne, 11 kuwa ba ta raba 17.

Wanda ya so ya ci gaba da wannan hanya, tubali bayan tubali, ba lalle ba ne ya wuce 65 536, domin in lamba ginanniya ce, dole ɗaya daga cikin tubalanta bai wuce tushen murabba'inta ba. Amma tubalan da ke ƙasa da 65 536 guda 6 542 ne. Mai aiki da hannu zai yi rabawa 115 a jere ba tare da ya dace ba. Sai a ta 116 zai ci nasara. Mutane da yawa za su gaji kafin nan, su ce lambar tubali ce.

5. Dangin lambobin Fermat

Fermat, wanda ya rasu a 1665, mashawarci ne a majalisar shari'a ta birnin Tuluz a Faransa, lissafi kuma aikin sha'awa ne gare shi. Ya lura cewa 2 hawa m a ƙara 1 ba ta zama tubali in m tana da mai-raba mara da ya fi 1. Misali, 12 = 4 × 3, saboda haka 2⁴ + 1 = 17 tana raba 2¹² + 1; lalle kuwa 4 097 = 17 × 241. Abin da ya rage ke nan shi ne inda m ta kasance 1, 2, 4, 8, 16, 32, haka dai ana ninkawa da 2. Lambobin da ake samu su ake ce wa lambobin Fermat:

F0 = 2¹ + 1 = 3
F1 = 2² + 1 = 5
F2 = 2⁴ + 1 = 17
F3 = 2⁸ + 1 = 257
F4 = 2¹⁶ + 1 = 65 537
F5 = 2³² + 1 = 4 294 967 297

Biyar na farko duk tubala ne. Ganin haka, cikin wasiƙar da ya aika wa Frénicle a 1640, Fermat ya ce yana kyautata zaton dukan lambobin wannan dangi tubala ne, ko da yake ya amsa cewa ba shi da cikakkiyar hujja. Ya sake faɗin haka ga Pascal a 1654.

Dangin yana da wata siffa da za ta yi mana amfani. In an ninka na farko-farkon gaba ɗaya, ana samun mai biye a ɗebe 2: 3 × 5 = 15 = 17 − 2; 3 × 5 × 17 = 255 = 257 − 2; haka har 3 × 5 × 17 × 257 × 65 537 = 4 294 967 295, wato F5 − 2. Duk lambar da ta raba biyu daga cikin dangin, dole ta raba 2. Da yake dukansu mara ne, sai dai 1. Ke nan babu biyu cikinsu da suka haɗa tubali. Christian Goldbach ne ya nuna haka a 1730.

6. Yadda 641 ta fito

Goldbach ɗin ne ya jawo hankalin Leonhard Euler kan zaton Fermat cikin wata wasiƙa ta watan Disamba 1729. A 1732, yana ɗan shekara 25 a birnin San Fitasbog na Rasha, Euler ya nuna cewa:

4 294 967 297 = 641 × 6 700 417

Tabbatar da wannan aikin minti biyu ne. 6 700 417 × 600 = 4 020 250 200; 6 700 417 × 40 = 268 016 680; 6 700 417 × 1 = 6 700 417. Jimilla ita ce 4 294 967 297.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar manyan lambobi. In an raba 65 536 da 641, ana samun 102, saura 154. Saboda haka sauran murabba'in 65 536 ɗaya ne da na murabba'in 154. To, 154 × 154 = 23 716, a ƙara 1 a sami 23 717, wanda shi ne 641 × 37 daidai.

Tambaya ta gaskiya ita ce: yaya mutum zai san ya nemi 641? Euler ya bayyana dalilin daga baya, ga shi a taƙaice. A ce p tubali ne da ke raba 2³² + 1. In an raba 2³² da p, saura zai zama p − 1. In an raba murabba'insa, wato 2⁶⁴, saura zai zama 1. Sai mu nemi hawa mafi ƙanƙanta na 2 da ke barin saura 1. Duk wani hawa da ke barin saura 1 ninkinsa ne. Don haka yana raba 64. Amma ba ya raba 32, domin da yana raba ta, da 2³² ta bar saura 1. Cikin masu-raba 64, wanda ba ya raba 32 guda ɗaya ne, 64 kanta. A wani ɓangaren, ƙaramar ƙa'idar Fermat ta ce 2 hawa p − 1 tana barin saura 1 in an raba ta da tubali mara p. Ke nan 64 tana raba p − 1, wato p tana da siffar 64k + 1.

Da wannan, aikin ya ragu ƙwarai. Lambobin da ke da wannan siffa su ne 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. Tubala cikinsu su ne 193, 257, 449, 577 da 641. Rabawa biyar ta isa maimakon 116. A 1878 Édouard Lucas ya ƙara matse ƙa'idar: ya nuna cewa siffar ita ce 128k + 1. Da ita, tubalan farko su ne 257 da 641, kuma 257 ta riga ta fita tun da ita ce F3. Ke nan 641 = 5 × 128 + 1 ita ce ta farko da za a gwada.

Abin mamaki, Fermat ya san irin wannan dabara. A 1640 ya yi amfani da ita ya gano cewa 223, wadda ke da siffar 74k + 1, tana raba 2³⁷ − 1. Makamin yana hannunsa. Zaton ne ya wuce gaba da bincike.

7. Shin 6 700 417 tubali ce?

Duk tubalin da ya raba 6 700 417 yana raba F5, saboda haka shi ma yana da siffar 128k + 1. Tushen murabba'in 6 700 417 yana tsakanin 2 588 da 2 589. Lambobi masu siffar 128k + 1 da ba su wuce 2 588 ba guda 20 ne, kuma biyar kawai cikinsu tubala ne: 257, 641, 769, 1 153 da 1 409. In an raba 6 700 417 da su bi da bi, saura yakan zama 170, 44, 120, 334 da 622. Babu sifili ko ɗaya. Don haka 6 700 417 tubali ce, kuma rarraba F5 ta kammala. A lura ita ma tana bin ƙa'idar: 6 700 417 = 128 × 52 347 + 1.

8. Rukunonin da lambar ta shiga

8.1. Mai tubali biyu. Tubala biyu ne suka gina ta, kowane sau ɗaya. Irin wannan ake ce wa nombre semi-premier da faransanci. Babu wani murabba'i da ya fi 1 da ke raba ta. Masu-rabanta huɗu ne: 1, 641, 6 700 417 da ita kanta.

8.2. Kasasshiya. Tun zamanin Girkawa ake gwada lamba da jimillar masu-rabanta, ban da ita kanta. In sun yi daidai, lambar kammalalla ce, kamar 6 = 1 + 2 + 3. In jimillar ta fi, mai rara ce, kamar 12. In ta gaza, kasasshiya ce. Littattafan hisabi na larabci suna ce musu tammu, za'id da naƙis. A nan jimillar ita ce 1 + 641 + 6 700 417 = 6 701 059, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari shida na lambar ba. Kasawar tana da yawa.

8.3. Adadin Euler. Lambobin da ba su wuce F5 ba, waɗanda ba su haɗa tubali da ita ba, yawansu 640 × 6 700 416 = 4 288 266 240 ne. Za mu koma kan wannan adadi a sashe na 9.

8.4. Jimillar murabba'i biyu ta hanya biyu. Mun riga mun ga F5 = 65 536² + 1². Amma kuma F5 = 62 264² + 20 449², domin 3 876 805 696 + 418 161 601 = 4 294 967 297. Tubalin da ke barin saura 1 in an raba shi da 4 yana rubutuwa a matsayin jimillar murabba'i biyu ta hanya ɗaya tak. Samun hanya ta biyu shi kaɗai ya isa hujja cewa lambar ginanniya ce. Hanyoyin biyu daga tubalanta suka fito: 641 = 25² + 4², kuma 6 700 417 = 2 556² + 409². To, 25 × 2 556 = 63 900 kuma 4 × 409 = 1 636; tara su ya ba da 65 536, ɗebe su ya ba da 62 264. Haka nan 25 × 409 = 10 225 kuma 4 × 2 556 = 10 224; ɗebewa ta ba da 1, tarawa ta ba da 20 449.

8.5. Tubalin ƙarya bisa tushe 2. Ƙaramar ƙa'idar Fermat ana amfani da ita wajen gwaji: in 2 hawa n − 1 ba ta bar saura 1 ba sa'ad da aka raba ta da lamba mara n, to n ba tubali ba ce. F5 ta tsallake wannan gwaji. Dalili kuwa, 2⁶⁴ tana barin saura 1, kuma F5 − 1 = 2³² ninkin 64 ce. Lambar ta yi kama da tubali alhali ba shi ba ce. Wannan ne ake kira pseudo-premier. In aka sauya tushe aka ɗauki 3, asirinta ya tonu: saura yakan zama 3 029 026 160. Kan wannan ne Théophile Pépin ya kafa gwajinsa a 1877: lambar Fermat, daga F1 zuwa sama, tubali ce in 3 hawa rabin F − 1 ta bar saura F − 1, in ba haka ba ginanniya ce. Ga F5 saura 10 324 303 ne. Gwajin yana faɗin ko lamba tubali ce, amma ba ya nuna masu-rabanta.

9. Alaƙa da zanen siffofi

Tun littafin Uklidis an san yadda ake zana siffa mai gefe 3 ko 5 daidai-wa-daida da regil da kompa kawai. A 1796 Carl Friedrich Gauss, bai cika shekara 19 ba, ya nuna cewa mai gefe 17 ma tana zanuwa. Cikin littafinsa na 1801 ya ba da ƙa'ida, Pierre Wantzel kuma ya cika hujjarta a 1837: siffa mai gefe n tana zanuwa in n ta ƙunshi tubalan Fermat daban-daban, kowane sau ɗaya, tare da 2 ko sau nawa, in ba haka ba, ba ta zanuwa. Wata hanyar faɗin haka ita ce adadin Euler na n ya zama hawan 2.

Ga F5, adadin Euler yana ɗauke da 640 = 5 × 128, saboda haka 5 tana raba shi, ba hawan 2 ba ne. Siffa mai gefe 4 294 967 297 ba ta zanuwa da regil da kompa. Da zaton Fermat gaskiya ne, da tana zanuwa. Da tubalan Fermat biyar da aka sani, lambobin mara da ake iya haɗawa guda 31 ne, mafi girmansu 4 294 967 295, wato lambarmu a ɗebe 2.

10. Cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa

Na'ura tana lissafi da alƙaluma biyu, 0 da 1. A wannan tsari F5 tana rubutuwa da 1, sai sifili 31, sai 1. Gurbi 33 ke nan. Ma'ajin da ke da gurbi 32 yana ɗaukar lambobi daga 0 zuwa 4 294 967 295 kawai. In an tilasta F5 cikinsa, alƙalamin farko ya faɗi, abin da zai rage shi ne 1. Wannan iyaka ce ta sa adireshin intanet na tsarin IPv4 ba su wuce 2³² ba. Babban rumbunsu na duniya ya ƙare a watan Fabrairu 2011.

Tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda aka fito da shi a 1977, ya dogara kan lambobi masu tubali biyu irin tamu, sai dai masu ɗaruruwan alƙaluma: ninka tubala biyu abu ne mai sauƙi, gano su daga sakamakon kuwa abu ne mai wuya. F5 ba ta da amfani wajen wannan aiki, tun da ƙanƙanuwa ce kuma siffarta tana nuna hanyar rarraba ta. Amma ƴar'uwarta 65 537 ita ce lambar da aka fi sanyawa cikin mabuɗan RSA na fili.

11. Sauran dangin

Bayan F5, ba a sake samun tubali ba. F6 = 274 177 × 67 280 421 310 721; Fortuné Landry ya sanar da rarraba ta a 1880. Morrison da Brillhart sun rarraba F7 a 1970, Brent da Pollard F8 a 1980. F11 ta rarrabu a 1988, F9 a 1990, F10 a 1995. An tabbatar cewa daga F5 har F32 duk ginannu ne, ko da yake F12 ba a gama rarraba ta ba. F33, mai alƙaluma fiye da miliyar biyu da rabi, ita ce ta farko da masana ba su yanke hukunci kanta ba. Ko akwai tubalin Fermat na shida, wannan tambaya tana nan a buɗe. Masana da yawa yanzu suna zaton babu, amma shi ma zato ne.

12. Kammalawa

Mun ga cewa 4 294 967 297 mara ce, ginanniya ce mai tubali biyu, kasasshiya ce, jimillar murabba'i biyu ce ta hanya biyu, tubalin ƙarya ce bisa tushe 2, kuma ita ce lambar Fermat ta farko da ba tubali ba. Ga malamai muna ba da shawara a bi wannan tsari cikin aji: a ba ɗalibai 3, 5, 17 da 257 su tabbatar tubala ne, a faɗa musu matsayin 65 537, a tambaye su abin da suke tsammani game da ta shida, a rubuta amsoshinsu kan allo. Bayan haka a sa su raba 65 536 da 641, su ninka 154 da kanta, su ƙara 1. Kalmomin da muka kawo a sashe na 2, musamman tubali, ginanniya da hawa, suna bukatar a gwada su gaban ɗalibai; muna maraba da gyara daga waɗanda suka yi aiki da su.